Ranar da Yaya Haruna Ya Daina Cewa "Da Sauƙi"

Funtuwa zuwa Zariya

Ladanin unguwarmu bai gama gyaran murya ba na isa ƙofar gidan Yaya Haruna da jakata a kafaɗa. Ga wanda bai san shi ba, Yaya Haruna shi ne babba a ɗakinmu, tsohon hedimasta, mutumin da ya koyar da rabin Funtuwa, ya zane ɗaya rabin. Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin masallaci, ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda. Magana ma ta dawo, sai ɗan nauyin harshe. Hannun ne ya kafe, ya ce shi ba inda za shi.

Ɗansa Nasiru, mai aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja, shi ya bugo waya da labarin. Wai likitoci a wani babban asibiti suna bincike a kan wata hanyar farfaɗo da hannun da ya shanye, kuma suna neman masu irin wannan larura. Za su duba Yaya. In ya dace su ɗauke shi, in bai dace ba mu dawo yadda muka je. A gida mun yi gashi, mun yi shafe-shafe, mun yi tofi, hannu yana nan jiya i yau. Wannan ce ƙofar da ta rage mana. Dangi suka zaɓe ni ɗan rakiya, domin a cewar Hajiya Rabi, matar Yaya, ni ne ba ni da aikin yi sai surutu, alhali kowa ya san ina sayar da taki a kasuwa.

Muka ɗauki shatar Ɗanjuma direba, mai wata mota da ta girmi wasu 'yan majalisarmu. Da aka idar da asuba muka ɗau hanya. Ɗanjuma ya ji ana cewa za a kai Malam bincike Abuja, sai ya yi ta saƙe-saƙe har Giwa. Can ya sunkuyo wajen kunnena ya tambaya ko kuɗin makaranta ne suka yi ƙafa, don shi a saninsa duk wanda aka kira Abuja bincike ba ya dawowa da hularsa a daidai. Yaya ya ji. Kallo ɗaya ya yi masa ta madubi, Ɗanjuma ya koma ɗan aji uku.

Zariya, Kaduna, Tafa

Bayan Zariya 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya leƙo, ya ga sanda, ya ga hannu kwance a cinya, ya ce Baba yaya jiki. Yaya ya ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ku riƙe wannan amsa. Ranar da ya faɗi, yana gadon asibiti, baki a karkace, ana ƙara masa ruwa, kalmar da ta fara dawo masa ke nan. Kuma ba shi kaɗai ba ne, duk haka muke. Mutuminmu ana ɗora ruwan wankan gawarsa a murhu, ka tambaye shi jiki, zai ce maka da sauƙi.

Kaduna muka ratsa ba mu tsaya ba. A Tafa muka yi azahar, muka nufi rumfar wata mai tuwo da direbobi suka yi wa rumfa ta biyu da jikinsu. Tuwon shinkafa ne da miyar taushe, da nama manya-manya kamar an yanka su da gatari. Yaya ya ce shi ba ya jin yunwa, ba zai sauko ba. Na san zancen. Tun da abin ya same shi bai yarda wani ya ga yana cin abinci da hagu ba. Na kai masa kwano cikin mota, na juya masa baya, na ja Ɗanjuma da gardamar siyasa har sai da na ji cokali ya daina ƙara.

Shiga Abuja

Da la'asar muka wuce Dutsen Zuma, muka shiga Zuba. Daga nan gini ne ke bin gini. Ko'ina an kafa ƙarafa, ko'ina tifa na juye yashi, titi ana faɗaɗa shi kamar za a shanya hatsin ƙasar nan duka a kai. Na ga bene wanda in ka ɗaga kai ka ƙirga hawansa sai hularka ta faɗi. Amma duk faɗin titin nan, da muka doshi Nyanya sai muka tsaya cak. Na shiga gosulon nan da baƙin gemu, na fito da furfura. Mai gyaɗa ɗaya ta wuce mu sau uku a ƙafa, har muka saba, ta tambayi mutanen gida.

Nasiru yana zaune a Karu, ciki da falo, kuɗin hayarsu zai sayi gona a Bakori har da rijiya. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya tambayi gajiyar hanya da jiki. Kun san amsar. Matarsa ta yi mana shinkafa da miyar kifi, ta kai wa Yaya nasa ɗaki ba tare da kowa ya gaya mata ba. Na ce yarinyar nan ta sami tarbiyya.

Asibiti

Washegari muka yi sammako don gudun gosulo, muka tarar gosulon ya riga mu sammako. Duk da haka da hantsi muna ciki. Wadda ta karɓe mu Dokta Ladi ce, likitar gashi da motsa gaɓɓai, 'yar asalin Karshi. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ruwanta da bambanta namiji da mace, amma ba ta ɓoye komai a cikinta.

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce wannan bincike ne, ba alkawarin warkewa ba. Da sun san amsar da ba su tara mutane ba. Za a raba majinyata gida biyu, kuma ƙuri'a ce za ta raba, ba ita ba, ba sanayya ba. Kowane gida za a yi masa atisaye. Bambancin, gida ɗaya za a sa wa hannunsu mai lafiya wata safa mai kauri na wani lokaci a kullum, don a tilasta wa raunanan yin aiki. Wanda ya gaji yana iya fita ko yaushe. Na tambaya ko ana iya ganin mai ƙuri'ar a gefe, ta ce na'ura ce, ba ta shan lemo.

Aka zo gwaji. Ta ajiye kofi, da makulli, da ƙwayar wake a faranti. Yaya ya yi ta fama da kofin nan, gumi ya keto masa, yatsu biyu suka ɗan motsa, kofi bai tashi ba. Da ta ɗaga kafaɗar na ga ya runtse ido. Sannan ta zauna ta fara tambaya. Kafaɗa tana ciwo? Da sauƙi. Sa riga fa? Da sauƙi. Cin abinci? Alhamdulillahi, da sauƙi sosai. Barci, wanka, rubutu, duk sauƙi ne, har na fara tunanin ko ni ne mara lafiyar.

Dokta Ladi ta ajiye biro.

"Baba, hannu ya gaya mini magana ɗaya, baki ya gaya mini wani. Idan ka ji ciwo ka ce da sauƙi, zan ƙara maka aiki in ji maka rauni. Kuma zan rubuta abin da ba gaskiya ba, wasu likitoci su karanta su yi wa wasu mutane aiki da shi. A haka ba zan iya ɗaukar ka ba."

Nasiru ya fara Baba don Allah, Yaya ya ɗaga masa hagu ya tsayar da shi.

"'Yata," in ji Yaya, "Allah ya mayar mini da ƙafa, ya mayar mini da harshe. In zauna da harshen nan ina lissafa abin da bai mayar ba? Ban iya butulci ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki sandarsa. Na hango mu a hanyar Funtuwa, na hango fuskar Hajiya Rabi a bakin zaure. Ba dabara na shirya ba, kada a ba ni lambar da ban ci ba. Bakina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na ce likita ta bar shi, ni ta tambaya, ni ke jinya. Na ce hannun nan ya mutu murus, ko garwashi aka ɗora masa ba ya ji. Na ce makon jiya kazar Hajiya ta yi ƙwai a tafinsa, ta kwanta a kai har ta ƙyanƙyashe bai sani ba. Na ce ciwon kafaɗar kuwa, in ya taso masa yana ihu sai maƙwabta su tashi su yi alwala, suna zaton kiran salla ne.

Sanda ta koma jikin kujera. Tsohon hedimasta yana iya jure ciwo, amma ba ya iya jure amsar da ba daidai ba a gabansa.

"Sule, ka ji tsoron Allah. Yaushe na yi ihu? Kafaɗar da asuba take ciwo, in rana ta ɗaga ta lafa. Kuma ina jin zafi, ina jin sanyi, ƙarya kake yi. Babban yatsa da manuni suna motsi. Maɓallin riga ne ba na iyawa. Cokali in na riƙe sai ya juye kafin ya kai baki."

Na ce ai ko rubutu ya manta. Ya ce bai manta ba, biro ne ke zamewa. Na ce ba ya barci sam. Ya ce yana yi, sai in ya juya ta dama. Ni ina jefowa, shi yana gyarawa, Dokta Ladi kuwa kanta a ƙasa, biro yana gudu. Can na rasa ƙaryar da zan ƙara. Yaya ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, ba wanda ya tambaye shi:

"Alwala ce ta fi damuna. Hannun hagu, da na dama ake wanke shi. Rabi ce ke wanke mini, sau biyar a rana."

Ni da nake zuwa gidan kullum ban san wannan ba. Nasiru ya juya yana kallon taga.

Dokta Ladi ba ta yi masa sannu ba, kuma na ga ya ji daɗin hakan. Ta ce abin da take nema ke nan tun safe, kuma da alwalar za su fara auna ci gabansa. Sannan Yaya ya kafa nasa sharaɗin, kamar yana ofishinsa: in ya shigo ta fara gaishe shi tukuna, ya amsa mata yadda Musulmi ke amsawa; in ya zauna a kujera, wannan tambayar likita ce, zai ba ta amsar likita. Ta ce ta yarda, ita ma da nata sharaɗin: kada a sake shigo da wannan ƙanen nasa. Wai maganata sai an tace ta sau uku kafin a samu abin rubutawa.

An ɗauke shi. Da muka fito na zauna a kan dakalin asibiti, sai ga mai sanda yana tsaye yana jirana. Washegari ƙuri'a ta jefa shi gidan masu safa.

Komawa gida

Yaya ya zauna a Karu wajen ɗansa. Ɗanjuma ya riga ya koma, don haka na shiga motar haya a Zuba, mu huɗu a baya da wani Alhaji da ya biya kuɗin mutum ɗaya ya zauna a wurin uku. Na sake cin tuwon Tafa, wannan karon a natse, har da ƙari. Kafin magariba ina zauren Yaya, Hajiya Rabi ta fito ko mayafi ba ta gyara ba.

Ban gama ba ta labari ba wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba ya shiga ƙorafi: an ɗaure masa hannun kirki kamar ɗan dambe, an sa shi tsintar wake shi da furfurarsa, yarinyar nan ba ta da tausayi, kafaɗa ta yi tsami, kuma ya zubar da kofi sau biyu kafin ya ɗaga shi. Hajiya ta karɓi wayar tana saurare, tana dariya, tana goge ido da bakin zane. Ta ce ya ci gaba, tana ji.

Kada a ce na ƙara gishiri: hannu bai warke ba tukuna, kuma ba wanda ya yi mana alkawari. Amma mun gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da ni lafiya. Mun gode wa Nasiru da mai ɗakinsa, da Ɗanjuma, da likitar da ta ƙi karɓar amsar ladabi, da duk wanda ya bi mu da addu'a. Shekara guda muna jinyar mutumin da bai taɓa gaya mana inda ke masa ciwo ba. Yanzu mun sani: kafaɗa ce, da asuba.