Malam Barau da masu tura keke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Malam Barau, malamina kuma surukina. Nan Makka muka binne shi. Har yau idan na bi ta titin Mansur, inda yake karatu, da la'asar, sai na tuna da shi.

Malam ba shi da tarin littattafai. Masu zaman karatunsa su ne masu tura tsofaffi a keke a Harami, da 'yan dako, da mata masu sayar da abinci, yawancinsu ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ba ya buɗe littafi sai ya tambayi kowa yadda ya wuni, ɗaya bayan ɗaya, har shayi ya huce. Yana gaya musu cewa Allah na jin addu'ar wanda bai yi makaranta ba, kuma a bauta masa da sakin fuska. Bara wani ɗalibin tarihin addinai ya ba ni labarin wani malamin Yahudawa a gabashin Turai, ƙarnoni da suka wuce, wanda ya riƙa jan talakawa jiki da irin wannan hali har masana suka raina shi. Ai ni ma na raina Malam a zuciyata.

Da ya rasu aka danƙa mini zaman. Ni kuwa ga digiri ga gadara. Na soke dogayen gaisuwar nan, na ce ɓata lokaci ne. Na tsara darussa, ina naɗa a waya ina tura wa mutane. Da Malam zai gani, na san ba zai yi faɗa ba, tambaya kawai zai yi: ina mutanen?

Sun watse. Ɗakin da a dā ba wurin ajiye takalmi, makon jiya mutum uku ne. Idan aka ci gaba haka, zaman zai mutu a hannuna, kuma ina jin tsoron hakan sosai.

Na tsare Baba Ilu, dattijo cikin masu tura keke, na ce ya gaya mini laifina.

"Wallahi karatunka ya fi nasa, ya Shaihi," in ji shi. "Amma shi idan na yi fashin kwana biyu, sai na gan shi a ƙofata."

Na ce to gobe zan zo. Ya dube ni, ya ce, "Ka san gidan?"

Shekara goma sha ɗaya yana zama a gabana, ban sani ba. Allah Ya ji ƙan Malam, ni kuma Ya yafe mini.