Baba Illa Mai Goge Ya Tafi da Sunayen Takensa

Ina tsakiyar darasi a lakwal ɗinmu ta Banifandou Rabi ƴar Baba Illa ta bugo mini waya, ta kira ni yadda ake kiran malamin makaranta a nan: "Mushe, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Illa maƙwabcina ne, mutumin Tawa, shekara hamsin yana goge. Bai taɓa ɗaukar gogensa ba sai ya wanke hannu, kuma da ya ji kiran salla yake kife shi, ko da sarki yake wa kiɗa. Yakan ce, "Tsagiyar goge ba ta ƙarya, Mushe. In ranka a ɓace yake, za ta faɗa wa jama'a."

Bara wasu samari suka ɗauki kiɗansa a faifai, shi kaɗai, ba mai ƙwarya, ba ƴan amshi. Take goma sha biyu, biyu kawai ya yi waƙa a ciki. Da faifan ya fito, sai ya miƙo mini in karanta masa bayansa. Ba sunaye, sai lamba kawai. Na karanta: na ɗaya, na biyu, na uku.

"Na uku kuma? Ɗan wa ke nan?" in ji shi. "Wannan taken masu haƙar rijiya ne! Kowane da mai shi. Ɗauko alƙalami, in faɗa ka rubuta."

Na ce a'a, a gaban ɗalibaina za mu yi, su ji daga bakinsa. Ranar ya sa babbar rigarsa, ya zo tun da hantsi. Iyayen yara suka tare ƙofa, wai goge kayan bori ne. A cikinsu har da wanda wayarsa ke kuka da taken Baba in an kira shi. Baba ya yi murmushi, ya ce, "Kada ka ɓata da mutane saboda ni." Ya koma gida a ƙasa.

Na ce masa to sai hutu. Hutu saura kwana tara ya rasu. Ba iyayen nan kaɗai nake jin haushi ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi, alƙalami kuma kullum yana aljihuna.

Bayan addu'ar uku na zauna da Inna Hadiza, mai ɗakinsa, muka saurari faifan. Ta gane sunayen huɗu, ni ina da ɗaya, na masu haƙar rijiya. A sauran bakwai kuka kawai ta yi.

Allah ya jiƙan Baba Illa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna da Rabi haƙuri. Mu kuma da muka ce masa sai gobe, Allah ya yafe mana.