Turmin Baba Mai Kwalabe

Shekara ashirin da shida Baba Mai Kwalabe ya yi a ɗakin gwaji na makarantar likitocin haƙori. Bai yi boko mai nisa ba. Aikinsa ya tara haƙoran da aka cire a kwalabe, ya wanke, ya kafa kowanne a farin siminti, ɗalibai su koyi cire jijiya a kansu kafin a ba su bakin mutum.

Da can da yatsu ake murza wata siririyar allura a cikin ramin jijiya. Bara aka kawo inji mai juya ta. Malamar ɗaliban, wadda kowa ke ce wa Likita, har muryarta ta dishe: "Kada ku danna! Ku taɓa sau uku, ku fito, ku goge, ku wanke ramin." Wanda ya danna, allura ta karye a ciki. Baba ne mai kwashe guntayen, don haka ya san hannun kowa. A ajin babu kamar wata doguwa da ƙawayenta suka sa wa suna Guduma. Allura bakwai ta karya.

Ana nan sai turmin haƙorin Baba na hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa na tauna, ya tashi da ciwo. Kwana huɗu yana ɓoyewa, har matarsa ta gaji.

"Malam, ka yini cikin likitoci, ka dawo ka cika mini ɗaki da nishi?"

Likita ta duba hoton haƙorin ta ce ba sai an cire ba. Ɗaliba ce za ta yi aikin, ita tana tsaye a kanta. Ta ƙwala wa Guduma kira.

Baba ya dubi ƙofa.

"Baba, ka yafe mini tun yanzu," in ji Guduma, tana sa safar hannu.

"'Yata, shi kaɗai gare ni. In kin ɓata shi, ni da nama sai kallo."

"To ai ka huta da sakace."

"Guduma, rufe bakinki," in ji Likita. "Baba, buɗe naka."

Aka kashe masa wurin da allura, inji ya fara kuka. Baba ya san kukan nan kamar tarin matarsa: in ana dannawa, yakan yi nauyi. Ga baki a wangale, ba halin magana. Sai ya shiga buga hannun kujera da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Guduma ta fito, ta goge, ta wanke. Ya sake bugawa, ta sake bi.

Rami na uku karkatacce ne. Kukan ya fara nauyi, yatsan Baba ya ƙi motsi. Sai ya ji ta fito da kanta, tana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Daga nan bai sake bugawa ba.

Da aka cike ramukan aka ɗauki hoto, Likita ta daɗe tana dubawa, sannan ta gyaɗa kai. Baba ya ce a ba shi allurar injin. Ya ɗaga ta a fitila, ya ga tsininta lafiya lau, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Yaushe zan tauna?" ya tambaya, leɓe a karkace.

"Sai an rufe maka shi jibi," in ji Guduma.

"Ke za ki rufe?"

"Ni."

Baba ya miƙa mata allurar.

"To, Allah ya kai mu."