Ragon Sunan Mai Kisa

Shekarar da kawuna ya kawo tele gidanmu na Konni, bayan la'asar mukan kalli shirin 'yan sandan Turawa. Ni ke fassara wa kakata Faransancin, tana ɓarar gujiya.

Sati uku a cikin shirin ana neman wani mai kashe mata ɗaya bayan ɗaya. Da aka kama shi, sai ga magidanci fes-fes, mai gaida maƙwabta. Babban ɗan sandan ya ce wannan ba mutum ba ne, dodo ne. Na fassara da sauri, don maganar ta sanyaya mini rai.

Kaka ta aje faifai. "Ɗan wa ne?" Haka take tambaya kan kowane baƙo.

Raina ya ɓaci, na ce dodo ba shi da dangi, ta bari mu ji.

"Ƙarya sunka yi don hankalinsu ya kwanta," in ji ta. "Wannan ma wata uwa ta goya shi. Ran suna an yanka mishi rago, maƙwabta sunka ci."

Har yau, in aka miƙo mini naman suna, sai na daɗe ina duban fuskar jaririn.