Haƙorin da Na Baro a Kasuwar Mangu

Ana idar da sallar asuba muka bar Tudun Wada, sanyin Jos yana ratsa ni duk da rigunan sanyi biyu da na jibga. Ni da maƙwabciyata ne, wadda danginta manoma ne a wajen Mangu, sai direban a-kori-kurar da muka ɗauka haya. Masarar shekara zan sayo, kuma na rantse ba zan dawo da irin ta bara ba.

Bara kam na sha kunya. Na ga masara da araha a farkon kaka, buhu da nauyi, na kwaso shida ina ta yabon wayona. Ashe ruwa na saya. Kafin wata uku ta yi funfuna, tuwonta ɗaci, ko kaji sai sun yi shawara kafin su tsattsaga. Mu tara ne a gida, ga maigidan ya yi ritaya. Da damina ta yi tsakiya muka koma awon mudu-mudu, har akwai ranakun da na ce wa yara na ƙoshi alhali ban sa komai a bakina ba. Abin yana ci mini rai har yau.

Mun wuce Bukuru gari bai gama wayewa ba. Daga Mararrabar Jama'a hanya ta miƙe, duwatsu a jere, gonakin kabeji da dankalin Turawa kewaye da shingen kyarana. A Barikin Ladi muka tsaya shan shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har na tambayi mai suyar ko wake ma azumi yake yi, ta ce in je kasuwa in tambaye shi da kaina. Gaba kaɗan maƙwabciyata ta nuna mini wasu gonaki da ciyawa ta cinye, ta ce masu su sun bar ƙauyen saboda rashin zaman lafiya.

Ranar Juma'a kasuwar Mangu ke ci, kuma mun tarar da ita maƙil. Manyan motoci daga nesa sun yi layi suna lodi, dillalai suna ta kai da kawo. Tun ban sauka ba wani ya tare ni: "Hajiya, ga sabuwa fil, oga ya ce a yi miki ragi." Na zura hannu cikin buhun na ji sanyi a tafina, na ɗauki ƙwaya ɗaya na ciza, ta lotsa kamar dafaffiyar gyaɗa. Na ce masa ya gaishe mini da ogan.

Haka na yi ta bi rumfa-rumfa ina cizo. Bana ruwa ya daɗe bai ɗauke ba, manoma kuma suna da buƙata, ga kuɗin makaranta ga na taki, sai su ɓare masara su kawo tun ba ta sha rana ba. Ban ga laifinsu ba, amma ni ma da nawa bakunan a gida. Har azahar ban sayi ko buhu ɗaya ba, direba ya fara cika yana batsewa.

Sai maƙwabciyata ta ja ni can ƙarshen kasuwa wurin gwaggonta, wata tsohuwa da ke zaune kan buhuna huɗu kacal. Kuɗin da ta faɗa ya fi na kowa, kuma ko kwabo ta ƙi ragewa. Ta ciro wata busasshiyar kwalba ta zuba gishiri da ɗan masara, ta girgiza, ta miƙo mini. "Mama, ka duba," in ji ta da irin Hausarsu. "In da ruwa, gishiri zai kama jikin kwalba. Sati uku na shanya shi a kan dutse." Kwalbar nan tas take. Duk da haka na ce sai na ciza. Na ciza kuwa, sai ji na yi ƙas! Masarar ta fashe, gefen haƙorina ma ya bi ta.

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa ina riƙe da kumatu na ce a ɗaura duka huɗun. Shida na zo saye, huɗu kuɗina suka kai. Ta ƙara mini mudun acca kyauta, wai in yi gwate, faten nan mai ruwa-ruwa, tunda yanzu ba ni da abin tauna.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo wajen Heipang. Na sa direba ya tsaya, muka lulluɓe buhunan da tamfol, na hau baya na zauna a kai ina danne gefe har Jos. Na jiƙe sharkaf, masarata ko ɗigo bai taɓa ta ba.

La'asar sakaliya muka iso gida. Maigidan ya ƙirga buhuna ya dube ni, na ce huɗun da za mu ci sun fi shidan da za mu zubar. Na jera su kan katako nesa da bango. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne yunwar damina tun a kaka ake tare ta, kuma araha ba ta ciyar da gida. Yanzu duk sanda na sha ruwan sanyi haƙorin nan sai ya tsira mini, ni kuwa sai in yi hamdala. Bana in na ce wa yarana na ƙoshi, to na ci ne.