Sifili Uku a Cikin Akushi

An cuce ni a rumfar banda ta bakin ruwan Yelwa, kuma wadda ta cuce ni ta haɗa da fasa mini baki, ta cire mini haƙori ɗaya na sama. Ban yafe ba. Duk wadda ta zo mini da maganar haƙuri, leɓe nake ɗagawa in nuna mata giɓin.

Sana'ata banda. Tun ina budurwa nake tsugune gaban murhun laka ina juya tarwaɗa da ƙarfasa, har hayaƙi ya fara cinye mini ido. Sai da na aurar da 'ya'yana na shiga ajin manya, a can na gane abin ya yi nisa, don Malama tana rubutu a allo ni ina ganin kamar an shafa koko. Likita ya duba, ya ce in ban rabu da hayaƙi ba makanta na tafe. Na ce masa, to in ci me?

Ana haka wasu masu ba da tallafi suka kawo murhun ƙarfe guda biyar, masu murfi da dogon bututu, hayaƙi ya bi sama ya bar miki fuska. Suka ce mata ɗari za su shiga ƙuri'a, sauran sai wani zuwa. Aka fasa tsohuwar ƙwarya, aka rubuta lamba a kowace sakaina, aka raba. Ranar rabon ina Warra wajen ta'aziyya, jirginmu bai iso ba sai da yamma. Na tarar sakaina ɗaya ta rage. Ɗari.

Ba mu yarda da ƙuri'ar takarda ba, don a rabon gidan sauro an kama wata da takarda a hannun hijabi. Shi ya sa aka roƙi Malama ta kawo ƙwayoyinta. Kamar na lido suke, sai dai kowace fuska goma gare ta. Ɗanta ya zo da su daga jami'a, wai suna wani wasan tebur na yaƙi da dodanni, ita kuwa ta mayar da su abin koya mana lissafi. Ja ita ce ta gomomi: goma, ashirin, har casa'in, sai fuska ɗaya mai sifili biyu. Fara ita ce ta ɗaiɗai: ɗaya zuwa tara, sai sifili. A jefa su tare a haɗa. Ja ta ba da sittin, fara ta ba da bakwai, sittin da bakwai ke nan. Amma a aji, in Malama ta jefa farar ita kaɗai muna koyon ƙirga, sifilin nan goma muke kiransa. Nan fitinar ta kwanta tana jiranmu.

Aka zaɓi Inna, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a rumfar, ta yi jifan a cikin akushi, don ba ta san ko baƙi ɗaya ba, ba mai zarginta. Jifan farko, ashirin da uku. Guɗa ta tashi. Na biyu, ja arba'in, fara sifili. Kowa ya ce arba'in, mai arba'in ta taka rawa ta je ta dafa murhunta. Biyu suka ƙara fita. Saura ɗaya.

Inna ta girgiza hannu ta watsa. Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa akushin, saboda idon nan nawa. Ja sifili biyu. Fara sifili.

Uwar ƙungiyarmu ta masu banda ta ce, “Babu kowa. Inna, sake.”

Kafin Inna ta miƙa hannu, matar ƙanen uwar ƙungiya ta yi tsalle da sakainarta. “Goma ce! Sifilin hwara goma ne, haka Malama ta koya muna. Ni ke da goma!”

Nan take uwar ƙungiya ta juya. “Gaskiya ne, goma ce.”

Na kife tafin hannuna a bakin akushin. Na ce, “Hajiya, yanzu kinka ce babu kowa. Wa ya haihi goma tsakanin numfashi biyu?”

“Ke, ɗauke hannunki.”

“Ba ni ɗaukewa. In sifilin hwara goma ne, ɗazu da arba'in ta hito da sifili, don mi ba ku ce hamsin ba? Ku kira mai hamsin ku ba ta wancan murhu, ni ko in yi shiru.”

Mai arba'in ta rungume murhunta ta ce wallahi sai dai a kashe ta.

Na ce, “To goma tana da hanyarta, ja goma hwara sifili. Ba wadda anka ba sakainar sifili. Ni ɗari ta ina zan hito, in ba ta nan ba? Ko kun kira ni ne in zo in yi muku tahi?”

Aka juya ga Malama. Baiwar Allah ta matso kusa da akushin. Ta ciro waya ta nuna mana, akwai abin jifan a ciki, in ka taɓa yana ba da lamba daga ɗaya zuwa ɗari, sifili uku kuwa ɗari yake rubutawa. Da ta tsaya nan da ta gama. Sai ta ƙara da cewa amma akwai masu wasan da ke karantawa ɗaya hanyar, abin da ya kamata a yi shi ne a yanke tun kafin jifa. Gaskiya ta faɗa, amma a wurin na so in shaƙe ta.

Mai goma ta ce, “Kun ji ko? Makauniya ma ta ga lamba!” Ta fizgi akushin.

Ni na fara mari, ba na ɓoyewa. Ita kuma ta rarumi faskaren icce daga bakin murhu ta kwaɗa mini a baki. Na ji ƙas, gishiri ya cika mini harshe. Ban faɗi ba. Na cafki hijabinta na naɗe a wuyanta, na kai ta ƙasa cikin toka da ƙayar kifi, na hau ruwan cikinta. Ta soka mini yatsa a ido, idon da nake wa faɗan, ni kuwa na kafa sauran haƙorana a kunnenta har na ji ɗan kunnen ya tsage fatar. 'Yan uwanta suka rufe ni ta baya da muciya da marfin tukunya. Wata ta watsa ruwan wankin kifi, wata ta ture tiren kifin warangi, kaji suka shigo. Inna tana ta salati tana dukan duk wadda sandarta ta samu. Sai da masunta suka bar raga suka zo suka ɓamɓare mu, biyu suna riƙe da ni ina shure-shure.

Da na buɗe hannuna, ƙwayoyin biyu suna ciki. Haƙorin na tsince shi a cikin toka, na ƙulle su tare a haɓar zane.

Mai unguwa ya aiko cewa murhu na biyar ya zauna a rumfa, kada kowa ya taɓa sai an zauna. Na san irin zaman nan. Mijin uwar ƙungiya tabarma ɗaya suke zama da mai unguwar, kuma tun a ranar na ji ana cewa a sake jifa kowa ya huta. A sake jifa, wato in koma ɗaya cikin tulin mata, bayan Allah ya riga ya fito da ni a gaban idon kowa. 'Yata ta zo tana gasa mini baki da ruwan zafi tana kuka, wai in bari don girmana. Na ce mata girman ba zai ja mini sanda ba ranar da na makance.

Da gari ya waye, leɓena ya kumbura har ba na iya shan kunu. Na ɗauko sarƙa da kwaɗon da marigayi mijina yake ɗaure jirginsa, da ragowar fentin jirgin, na sauka bakin ruwa. Na zagaya sarƙar a ƙafar murhun na haɗa da ginshiƙin rumfa, na datse, na rataya makullin a wuyana. Na tsoma tsinke a fenti na rubuta a murfin, ɗaya da sifili biyu, manya yadda ko ni zan gani daga nesa. Sannan na jera tarwaɗata a ciki, na hura wuta, na jawo kujera na zauna da faskare a kan cinyata.