Gawon gonar Maruta

Jiya da la'asar maigidana ya watsar da takardunsa ya ce ya haƙura. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar ƙarin girma ta ma'aikata, ta uku saura kwana biyar. Ni ke yi masa tambayoyi. Har littafin soyayyar da nake tsakiyarsa na ajiye, ban san ko an ɗaura auren ba.

Na lallaɓa na ɗauki takarda ɗaya. "Wannan kawai, Abban Nana. Wace bishiya ake so manomi ya bari a gona don tana gyara ƙasa, kuma da damina take zubar da ganye?"

Ya kau da kai.

Inna, mahaifiyarsa, da ta zo mana daga Maruta, tana gefe tana tsinkar zogale. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa. Ni ta kalla.

"Gaya wa mijinki gawo ne. Ki tuna masa ranar da ya ɗaga wa na gonarmu gatari, marigayi babansa ya bi shi har bakin rafi. Geron gindin gawon nan ya ci ya girma, yau kuma takarda zai tambaya?"

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya tsince takardun, ya matso gefen tabarmarta.

"Ci gaba, Maman Nana. Inda na kasa, Inna na nan."

Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da soyayyar da ko suna ba ta kira ba. Ku sa shi a addu'a. Ku fa, wa ya tashe ku ranar da kuka haƙura?